Suna Goma Sha Bakwai a Germantown

Shekarata biyu da rabi a Amurka, mutum ɗaya tak ya taɓa tambayata sunan babana don yana so ya sani, ba don zai cike fom ba. Shi ɗin ma sai da na ɗaga masa murya a cikin falonsa, yana zaune a keken guragu. Har yau abin bai sake ni ba, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na huta.

Ni Ishaku ne, ɗan Bukuru. A aji uku na sakandare na tsaya. Ba wanda ya kore ni, zaman benci ne ba na iyawa. Na yi shayi a tasha, na yi acaɓa, na yi gyaran waya, babu wanda na cika shekara biyu a ciki. Yayata Rifkatu nas ce a nan, ita ta shigar mini da takardun zuwa Amurka tun ina firamare. Suka fito ina da ashirin da huɗu, lokacin ni har na manta da su.

Zangon farko Largo, garin da Yaya Rifkatu take da gida. Aka ba ni ɗakin ƙasa, kusa da injin wanki. Taga ɗaya ce ƙarama can sama, ba na ganin komai sai ƙafafun mutane da tayar mota. Yaya Rifkatu tana asibiti awa goma sha biyu, in ta dawo ko magana ba ta iya yi. Mijinta, Baban Murna, ma'aikacin gwamnati ne kuma dattijon coci. Mutumin kirki ne, amma in ya ce maka ina kwana sai ka ji kamar tambayar jarrabawa ce. 'Yarsu Murna kuwa tana jin Hausa sarai, amma in na yi mata sai ta mayar mini da Turancin nan mai fita ta hanci.

Satin farko na ga maƙwabcinmu, wani dattijo, yana jan kwandon shara. Na ruga, na rusuna, na kama masa. Mutumin nan ya riƙe abinsa gam, ya ja da baya yana kallon hannuna. Da yamma Baban Murna ya ce, "Ishaku, nan ba Bukuru ba ne. Kada ka ƙara rugawa wurin mutum haka, za a iya harbe ka." Tun daga ranar na koyi tafiya kaina a ƙasa.

Wani ɗan Kaduna da muka haɗu a coci ya ce zai koya mini tuƙi in sami lasin. Wata uku duk Asabar ina wanke masa motocin da yake ba da haya. Sitiyari kam na taɓa shi, amma da tsumma.

Zango na biyu Southwest, cikin Washington, inda manyan gine-ginen gwamnati suke. Shara da goge-goge, a ranakun da ma'aikata ba sa zuwa. Doguwar baranda, ƙofofi iri ɗaya, ba ka jin komai sai takalminka. Ina goge teburan mutanen da ban taɓa gani ba, hotunan iyalinsu a jere. Na fara gaishe da hotunan. "Sannu madam, ya yara? Ya mai gidan?" Ranar da na kama kaina na tsaya ina jiran amsa, na san aikin nan ya ishe ni.

Yaya Rifkatu ta sa ni wani ɗan gajeren kwas na kula da tsofaffi a gida. Da ƙyar na haye. Kamfanin da ya ɗauke ni ya tura ni Germantown, zango na uku ke nan. Daga Largo zan shiga jirgin Metro tun daga inda yake farawa, in sauka a tsakiyar gari, in canja zuwa jan layi har ƙarshensa, sannan in hau bas. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, kowa kunnensa a toshe, kowa idonsa a waya.

Tsohon sunansa Clarence. Baƙar fatar Amurka ne, ya haura tamanin, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Kanikancin manyan bas-bas ya yi har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'yarsa Denise tana leƙowa kafin ta wuce ofis ko in ta tashi. Ranar farko ya ce in riƙa kiransa da sunansa kawai. Na ce a'a, bakina ba zai iya ba, a wurinmu Baba ake ce wa sa'an uba. Ya maimaita kalmar sau biyu, ya ce, "To, Baba ɗin ya yi."

Abu ɗaya na iya a duniya da ba a taɓa raina mini ba, shi ne shayi. Kwana na uku na zo da ganyena da citta da kanumfari, na dafa masa irin na tasha, na ɗaga shi sama ina zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Ya kalla da sha'awa, har ya tafa da hannunsa mai lafiya a cinya. Na miƙa masa, ya ce, "Na gode, ɗana, amma ba na sha."

Na koma kicin na tsaya. Na ce wato shi ma ƙyamar hannun ɗan Afirka yake yi. Kwana biyu ban yi masa magana ba sai ta aiki. A na uku ya ce, "Wai me na yi maka?" Na faɗa masa. Ya yi dariya har sai da na ba shi ruwa. Ya ce shi ɗan Mormon ne, a addininsu ba a shan shayi ko kofi ko giya, shi ya fi shekara hamsin bai ɗanɗana ba. Ni ban taɓa jin sunan ba ma. Ya ce, "Cire ganyen, ka bar cittar da madarar." Haka muka shirya.

Daga nan hira ta buɗe. Turancina a karye yake, amma Baba ba ya gaggawa. In na rasa kalma sai ya jira, ba ya ƙarasa mini. A Amurka duka ba wanda ya taɓa jirana in gama magana sai shi.

Yana da wasu manyan fayil guda uku a kan kanta. Wata rana ya sa na sauko da ɗaya. Sunayen kakanninsa ne, da layuka suna haɗa wannan da wancan. Ya bi da yatsa yana hawa sama har ya tsaya a kan wata mace. Sunan yanka kawai gare ta, ba na uba. Ya ce a takardar kayan gadon wani Bature ya same ta, an jera ta tare da alfadarai da tukwane. "Daga nan hanya ta ƙare. Shekara talatin ina nema." Sai ya juyo ya ce, "Kai fa? Yaya sunan babanka?"

Na ce Dung. Ya rasu ina da shekara sha ɗaya, haƙar kuza ya yi.

"Babansa fa?"

"Pam."

"Baban Pam fa?"

Na ce ban sani ba. Ya buga hannun kujera. "Kana da uwa da rai, kana da waya a aljihu, kuma ba ka sani ba? Yaro, ni da zan sami wanda zan kira, da na sayar da gidan nan."

Da ma in na kira Mama minti uku ne. Lafiya, lafiya, ya sanyi, kana zuwa coci, sai anjima. Ranar da na ba ta labarin tsohon, na tambaye ta sunan baban Pam, awa ɗaya muka yi. Ta ce Chuwang, ta ba ni labarin yadda ya ƙi sa wando har ya mutu. Ta lissafo matan Pam su biyar, da wadda ta iya dafa gwate, da wadda ta gudu Barikin Ladi ta dawo. Tana dariya, ina dariya a tashar bas kamar mahaukaci. Sati uku muna haka. Duk sunan da ta ba ni in rubuta a wata takarda rawaya da Baba ya ba ni, washegari in kai masa, ya sa in karanta, shi kuma ya gwada faɗa yana karya harshe. Suka kai goma sha bakwai. Ya ce in bar takardar a wurinsa, zai sa a buga mini ita da kyau a kwamfuta, mai layi-layi irin tasa. Na bar masa.

Ran Lahadi bayan coci muna cin tuwon semo, ni da bakina na ba da labarin, ina jin daɗi. Na ce, "Yaya, kin san kakan Babanmu sunansa Chuwang?"

Baban Murna ya ajiye lomarsa. "Wane coci ka ce tsohon nan yake zuwa?"

Na faɗa.

"Kuma ka ba shi sunayen? A rubuce?"

"E mana."

"Kai, Ishaku! Kai, Ishaku! Ka san abin da mutanen nan suke yi da sunayen matattu? Baftisma suke musu. Wani zai shiga ruwa a madadin mamacin, a kira sunansa, shi ke nan sun sa shi a rajistarsu. Kai ka ɗauka don ƙaunarka yake tambaya?"

Yaya Rifkatu ta dafe kai. "Babanmu da aka yi wa baftisma a rafi, a gaban kowa? Babanmu da zumuntar maza ta coci suka ɗauki akwatin gawarsa da waƙa? Ishaku, kai wai yaushe za ka yi hankali ne?" Sai hawaye.

Na ture kwanon tuwon gefe. Baban Murna ya hau sama, na ji injin buga takarda yana ƙara. Ya sauko da shafi biyar, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurare da yawa. Ya ce, "Ga tarihinsu. Karanta, in za ka iya. Gobe ka karanta masa a fuskarsa, ka karɓo takardar nan. In ba ka dawo da ita ba, ni zan kira Mama da kaina in gaya mata abin da ka yi da sunan mijinta."

A jirgi na karanta, da yatsa, kalma kalma. Abin da na gane ya ishe ni. Amma ba shi ke cina ba. Abin da ke cina shi ne, ashe duk jiran nan da yake mini in gama magana, farauta ce?

Litinin ranar aski ce. Na ce ba zan fara maganar nan da reza a hannuna ba. Na aske shi tsaf, na shafa masa mai, na tura shi gaban taga. Sannan na jawo kujera na zauna, na fito da takardun. A wurinmu ba ka tsare babba da tambaya kai tsaye, sai ka ce an ce. Da haka na fara.

"Baba, an ce mutumin da ya kafa addininku ya ce mala'ika ya nuna masa wasu faranti na zinariya a binne, daga nan ya fassara littafinku. An ce da ya gama, mala'ikan ya tafi da su. To wa ya gani?"

Ya dubi jan biron, ya yi murmushi. "Wa ya yi maka aikin gida?"

"Mijin yayata."

"Ya yi ƙoƙari. To, akwai mutanen da suka sa hannu cewa sun gani, wasu har sun taɓa. Daga baya da yawansu suka yi faɗa da shi, suka bar cocin, suka zage shi. Amma ba wanda ya janye shaidarsa har suka mutu. Wannan yana da nauyi a wurina."

"An ce 'yan'uwansa ne da abokansa."

"Haka ne."

"A Bukuru in ka kawo ƙaninka shaida, ko ɗan sanda dariya zai yi maka."

"To allunan Musa fa, a wane gidan tarihi ka gan su?"

Na ce wannan daban. Ya ce, "Kowa nasa daban ne, ɗana. Ci gaba."

"An ce ba ma farantin yake kallo ba. Wani dutse yake sa wa a cikin hula, ya kifa fuskarsa a ciki, yana faɗa ana rubutawa."

"Gaskiya ne." Ya faɗa ba ko gezau. "Da na shiga ba haka aka koya mini ba. Hotunan da aka nuna mana, yana zaune a tebur yana bin rubutu da yatsa. Sai da na tsufa na ji zancen hula, kuma yanzu cocin da kansa ya yarda haka aka yi. Na yi sati ban yi addu'a ba don haushi. Ba dutsen ne ya ba ni haushi ba. Wanda ya buɗe idon makaho da laka da miyau, dutse ba zai gagare shi ba. Ɓoye mini da aka yi, shi ne ya ƙona ni."

Ban shirya wa wannan ba. Na ɗauka zai musa, ni kuma in nuna masa layin. Na juya shafi da sauri.

"An ce littafin ya ambaci dawakai a ƙasar nan tun kafin Turawa su kawo su. An kuma ce akwai wata tsohuwar takardar Masar da ya ce ya fassara, da masana suka iya karatun, suka ga ashe addu'ar binne gawa ce."

"Malamanmu sun yi rubutu da yawa a kai. Wasu sun ce wata dabba ce aka kira doki don ba su da wani sunan. Wasu sun ce takardar Masar ɗin ba duka aka samu ba, ko kuma ita ta zama sanadi ne kawai, saƙon daga sama ya zo." Ya ɗaga kafaɗarsa ɗaya mai motsi. "Ni bakanike ne. Na san gyara na gaske, na san faci. Wasu amsoshin gyara ne, wasu faci ne. Motar dai tana kai ni. Sauran ban sani ba."

"Matan fa? An ce ya tara mata da yawa."

Nan ya yi dariya. "Kai jikan Pam ne kake tambayata wannan? Biyar na ƙirga a takardarka."

Raina ya ɓaci da ya kawo sunan. Na ce, "Kakana bai ce Allah ne ya aiko shi ba. Kuma da rana ya auro su, da ganga, uwargidansa ce ta dafa abincin biki. An ce naku a ɓoye ya yi, har da matan da ke da mazajensu, har da masu ƙananan shekaru."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Wannan ka kama ni. Matata har ta mutu ba ta yarda daga Allah abin nan ya fito ba, kuma duk Lahadi tana coci a layin gaba. Ana cewa zamanin daban ne, ana cewa wasu auren na lahira ne kawai. Wataƙila. Ni dai ba zan ba ka amsar da ni kaina ba ta sa ni barci ba."

Saura shafi ɗaya, wanda Baban Murna ya ja wa layi biyu. Na ji nauyin karanta shi, amma na karanta. "An ce sun fi shekara ɗari ba sa barin baƙar fata ya zama firist. An ce sun ce la'ana ce a jikinmu."

"Wannan ba an ce ba ne. Ina wurin." Ya nuna hoton Denise a bango. "A wurinmu uba ne yake ɗaukar jaririnsa a gaban jama'a ya sa masa albarka. Da aka haifi wannan, ban isa ba. Na miƙa ta, Turawa shida suka kewaye ta, ni ina tsaye a baya riƙe da jakar madara. A zamanin shi wanda ya kafa cocin an naɗa baƙaƙe 'yan kaɗan, waɗanda suka biyo bayansa ne suka rufe ƙofar. Yanzu sun ce dalilan da aka riƙa ba mu ba gaskiya ba ne. Ni tun a lokacin na gaya musu."

"To me ya zaunar da kai, Baba? Ni ko aikin da aka harare ni ba na kwana."

"Na lura." Ya ɗan murmusa. "Na yi addu'a a kan littafin nan, a cikin gareji, hannuna duk baƙin mai, na sami wani abu da ba zan iya ciro shi in nuna maka ba. Sai na ce gidan na Ubana ne, ba nasu ba. Ba zan fita don masu gadi sun yi kuskure ba."

Takardun suka ƙare. Da a nan na tsaya, da yau ina can. Amma duk amsar da ya ba ni cikin sanyi sai ta ƙara hura ni, don na zo da faɗa ban sami abokin yi ba. Na miƙe tsaye a kansa. Na manta da an ce.

"Babana fa? Ka sa an tsoma shi a ruwanku? Shi ya sa kake ta tambayata? Ka ga ba ni da kowa, ba ni da ilimi, ka lallaɓa ni ka sace sunayen gidanmu! Ba ni takardata!"

Ban ji buɗe ƙofa ba. Denise tana tsaye da ledar magani a hannu. Abin da ta gani shi ne ƙaton saurayi a tsaye a kan ubanta gurgu yana ihu. Ta ce in ja da baya, da irin muryar da ba a maimaitawa. Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce mini, "Fayil na biyu, shafin farko."

Na ɗauko. Takardata tana ciki, ya sa ta a leda mai kyau don kada ta yage. Ya ce, "Ba a yi komai ba. Ko a kwamfuta ba ta shiga ba. Dokarmu ma ba ta bari sai na kusa da mamacin ya yarda, mahaifiyarka ke nan. Kuma a wurinmu tayi ne kawai, mamacin yana iya ƙi."

Na ji kunya ta fara sauko mini. Sai ya ƙara da abin da ban tambaye shi ba.

"Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Na yi niyyar wata rana in tambaye ka. Na sa rai."

"Ashe dai da gaske ne."

"Da gaske ne ina so. Matar nan da aka jera da alfadarai, ni na sa aka yi mata, ina kuka. Shi ne abu mafi tsada da nake da shi, to wa zan so wa in ba wanda nake ƙauna ba? Amma ko da ka ce a'a, da na ci gaba da tambayarka. Ina son jin sunayen. Duka biyun gaskiya ne, Ishaku. Ya kamata in gaya maka tun farko. Abin da aka yi mini da zancen hula, shi na yi maka."

Na ninke takardar da ledarta na sa a aljihu. Denise ta ce in tafi gida, yau ita za ta zauna. Na rusuna na ce, "Baba, sai gobe." Ya ce, "Sai gobe, ɗana."

Kafin bas ya kai ni tashar jirgi kamfani suka kira. Matar ta yi magana da ladabi. Ta ce iyalin sun nemi a canja ma'aikaci, kuma dokar kamfani ta hana gardamar addini da wanda kake kula da shi, ta kuma hana in kira gidan ko in je. Ban ga laifin Denise ba. Ni ma da na shigo na ga wani a tsaye a kan Mama haka, da ba waya zan ɗauko ba.

A gida na ajiye takardar a teburin cin abinci. Baban Murna ya ce, "Yauwa. Ka karanta masa? Me ya ce a kan hular?" Na ce ya ce gaskiya ne. Ya ce, "Ka gani!" ya ci gaba da kallon labarai. Yaya Rifkatu ta ce mun gode Allah, ta ce in ɗauke kada miya ta zuba a kai. Ba wanda ya buɗe ta. Na sauka da ita ɗakina.

Ban shiga addininsu ba, kuma ba na jin zan shiga. Zancen matan nan har yanzu bai kwanta mini ba, kuma da ya tambaye ni a kan babana, a'a zan ce. Yanzu ina kula da wata tsohuwa a nan kusa da Largo, tafiyar minti ashirin. Ba ta gane kowa, kullum sai ta tambaye ni ko ni ne mai gyaran famfo.

Mama ba ta san abin da ya faru ba, ba wanda ya gaya mata. Wata biyu bayan haka, ina tsaye a tashar bas da safe, sai ga kiranta, ita da ba ta taɓa fara kira ba. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Ishaku, na tuno! Jiya na je gaisuwar mutuwa a ƙauyen Du, na haɗu da wata tsohuwa 'yar gidan. Baban Chuwang, sunansa Davou. Maƙeri ne. Kana da biro?"

Na ce ina da shi. Na ciro takardar daga aljihu, da ma ba na fita sai da ita, na dafa ta a jikin ƙarfen tashar na rubuta, can sama, inda ɗan wuri ya rage.

"Ka rubuta? To maza ka kai wa tsohon nan naka. Ka ce ina gaishe shi, ka ce Allah ya yi masa albarka, shi ya sa ɗana ya san yana da uwa. Zai ji daɗi, ko?"

Bas ya iso, ƙofa ta buɗe, direba yana kallona.

Na ce, "Zai ji daɗi, Mama."